Fil Huɗu Masu Jan Ƙyalle

Na fi shekara talatin ina ɗinkin hula a Haɗeja, kuma ban taɓa jin wanda ya raina hannuna a kan ƙaramin aiki ba sai yayana. Shi ma ba a kan hula ya raina shi ba. A kan wani ɗan abu ne da tsawonsa bai wuce na tsinken ashana ba. Har yau in na tuna sai in ji raina ya fara ɓaci, duk da abin da na sani yanzu.

Yaya tsohon sojan sama ne. Ba matuƙi ba ne, kuma duk wanda ya kuskura ya kira shi da haka ya jawo wa kansa, don zai zaunar da shi ya yi ta bayani har jam'in la'asar ya wuce su. Aikinsa ɗora wa jiragen yaƙi makamai kafin su tashi, da sauke abin da ya rage in sun dawo. Da ya ajiye aiki ya komo gidanmu na gado, ya gyara sashen mahaifinmu ya zauna da matarsa, Hajiya muke ce mata. Ni kuma tun rasuwar mijina ina ɗakin da ke jikin nasu, katanga ɗaya ce tsakani, ko tari ya yi ina ji.

Bai dawo da wani abin kirki daga bariki ba sai wata adakar ƙarfe da taurin kai. A cikin adakar akwai wasu ƙarafuna guda huɗu, kowanne tsawon ɗan yatsa, da zobe a kai da dogon jan ƙyalle wanda ya koɗe ya koma ruwan goro. Wata rana Hajiya ta shanya kayan adakar, ni kuma marfin akurkina ya ɓalle, sai na ɗauki ɗaya na sakale ƙofar da shi. Ya zauna ɗas, kamar don haka aka ƙera shi. Ranar Yaya ya yi mini faɗan da bai yi mini ba tun ina yarinya, har maƙwabta suka leƙo. Ya wanke ƙarfen da sabulu ya mayar, bai ce mini ga dalili ba. Na sa abin a cikin halayen tsofaffin sojoji na bar shi.

A shekarar da nake magana idonsa na hagu ya riga ya tafi. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, kuma na daman ma ya kama hanya. Ya ce akwai aikin da za a yi a tsayar da ciwon inda ya kai, amma abin da ya tafi ya tafi, don haka duk makon da aka ɓata ganin ne ke raguwa. Aka ba mu rana. Ni na riƙe takardar, don in na bar wa Yaya, goro zai ƙunsa da ita.

Saura kwana goma sai ga wani kwali ya iso tasha daga Legas. Babban ɗansa ne ya aiko, wai don Baba ya rage kewa kafin ranar asibiti. Allah ya yi masa albarka, amma da tabarma ya aiko da mun fi gode masa. A jikin kwalin an zana jirgin yaƙi yana keta gajimare. A ciki kuwa babu jirgi, sai wasu firam na roba ruwan toka, ɓangarorin jirgin a manne a jiki ƙanana ƙanana kamar ƙayar kifi, kowanne da lambarsa. Ga takarda mai zane-zane tana nuna wanda za a manna da wane, ga gam, ga ƴan gwangwanayen fenti da ba su kai murfin kwalba ba. An rubuta cewa komai na jirgin gaske an rage shi sau saba'in da biyu.

Yaya ya fito da kwalin tsakar gida, ya kai shi dab da idonsa na dama, ya daɗe yana duban zanen. Can ya ce, “Irinsa ne.” Ya gwada ɓalle ɓangare ɗaya, hannunsa na rawa, ya karya shi. Sai na ji kira ta katanga.

“Auta, zo ki ara mini hannunki.”

Jikata ta fari ta kusa aure, amma a wurinsa ni Auta ce har gobe. Na ajiye hular da nake kai na je, a zatona aikin yamma ɗaya ne.

Gangar jirgin ba ta ba mu wahala ba. Kwana huɗu muka haɗa ta, ni ina mannawa, shi yana shafawa da yatsa yana gyaɗa kai. Bai yaba ba, amma bai kushe ba, kuma a wurin Yaya wannan babban yabo ne. Na shafa fenti, na liƙa fikafikai, na sa ƙafafu. Har na fara jin daɗin abin, don gaskiya ya yi kyau. A rana ta biyar muka iso kan makamai masu linzami, guda huɗu, biyu a ƙarƙashin kowane fiffike. Na yanko ɗaya na sa masa a tafin hannu.

Ya mirgina shi tsakanin yatsunsa. Ya kai shi ido. Ya sake mirginawa.

“Wannan mene ne?”

“Lamba ashirin da bakwai, in ji takarda.”

“Takarda ta yi ƙarya. Wannan taɓarya ce.”

Daga nan ya shiga jero laifuffuka. Ya yi kauri. Hancinsa tsini aka yi, alhali na gaske zagaye yake, da gilashi a baki wanda makamin ke gano zafin jirgin abokin gaba da shi. Fikafikan gaba sun yi girma, na baya sun yi kauri kamar an yanko su daga faifai. A ƙarshen kowane fiffiken baya akwai wata ƴar ƙafa mai haƙora da iska ke juyawa, su kuwa masu kwalin ko alamarta ba su sa ba. Ya ce duk wanda ya zana wannan bai taɓa ɗaukar makamin a kafaɗarsa ba, hoto ya gani, hoton ma daga nesa.

Na ce, “Yaya, abin wasa ne fa. A manna a wuce wurin.”

“Ba a rataya ƙarya a jikin jirgi.”

“To wa zai gani?”

“Ni.”

“Kai da ba ka gani?”

Maganar ta fita kafin in kama ta. Hajiya da ke tsince shinkafa a gefe ta tsaya da hannu a cikin tire. Yaya ya ajiye ɗan robar a kan tabarma a hankali ya tashi ya shiga ɗaki. Na ji kunya, amma haushi ya fi kunyar yawa, don haka ban bi shi ba.

Washegari ya sanar da mu cewa ba zai je Kano ba sai jirgin ya kammala yadda ya kamata. Muka ɗauka fushi ne, zai huce. Bai huce ba. Hajiya ta yi kuka. Ɗansa ya yi ta bugo waya yana cewa zai aiko da wasu makaman daga waje, an ce akwai masu sayar da ingantattu daban, Yaya ya ce shi ma wancan mai zanen bai san shi ba. Limamin unguwa ya zo ya yi masa nasiha a kan amanar da jiki yake da ita a wuyan mutum. Yaya ya saurara da ladabi, ya raka shi har zaure, ya dawo ya zauna. Ni na shiga na same shi da takardar asibiti a hannu, na ce ya dubi girman Allah.

Ya ce, “Auta, in aka shiga idon nan da wuƙa ban san da me zan fito ba. Ina so in ga jirgin nan daidai da idona. In na gani, ku kai ni duk inda kuka ga dama.”

Ranar ta zo ta wuce yana zaune a kan tabarma. Na kira asibitin na ba da haƙuri da wata ƙarya da ba zan maimaita ba, aka ba mu wata ranar, sai bayan wata guda. A nan na gane cewa hanyar Kano ta cikin ɗan tsinken nan ta bi, kuma in ban ƙera shi ba yayana zai makance yana gardama. Na tattara hulunan mutane na tura ƙarƙashin gado. Mai sarin da ke kai mini su kasuwar Kafin Hausa ya zo sau biyu ya koma hannu rabbana, na ce masa ina jinya, kuma ban yi ƙarya ba.

Ba mu da littafi, ba mu da hoto. Ma'aunin duk yana jikin Yaya. Ya miƙe tsaye ya nuna tsawon makamin a jikin katanga, tsayinsa da rabi da ɗan ɗori. Ya haɗa tafukansa biyu ya nuna kaurinsa. Na auna da tef ɗin tela, shi kuma ya raba da saba'in da biyu a ka, bai ko nemi biro ba. Mutumin da ke manta inda ya ajiye takalminsa kullum, amma bai manta faɗin fiffiken da rabonsa da taɓawa ya fi shekara ashirin ba.

Gangar makamin da wayar ƙafar keke muka yi ta. Na je wurin mai gyaran keke a bakin kasuwa na ce ya yanka mini guntaye huɗu daidai da tsawon wani tsinke da na kawo. Ya dube ni, ya dubi tsinken, ya ce, “Hajiya, wani sabon salon hula ne ya fito?” Na ce ya yanka kawai. Da na kawo, Yaya ya murza ya ce sun ɗara kauri da kamar gashi biyu. Gashi biyu! Na kwana uku ina goga su a dutsen wasa wuƙa, ina juyawa don kada gefe ɗaya ya fi ci, har fatar yatsana ta saɓule.

Fikafikai da gwangwanin lemo na yi su, don na madara ya ce ya yi kauri. Kowane makami takwas, huɗu gaba huɗu baya, ke nan talatin da biyu. Na yanka sun fi ɗari da reza kafin ya amince da talatin da biyun. Zan ɗauko ɗaya da matsefata in ɗora masa a ɗan yatsa, ya sa gilashin da muka aro wurin mai gyaran agogo, ya karkata kai yana neman inda idonsa ke gani, sannan ya ce, “Kusurwar ta zame.” Ni da nake zana hular da manyan mutane ke sawa ranar ɗaurin aure, ni ake ce wa kusurwa ta zame. Sau da yawa nakan tashi in shiga madafa in sha ruwa, ba don ƙishi ba, don kada in sake faɗin abin da zan yi nadama.

Kuma duk wannan a tsakiyar damina. Kogi ya cika ya fara lasar jinga, mazan unguwa suna can suna jera buhunan yashi, mata suna ɗaga kayan ɗaki sama, kowa hankalinsa a kan ruwa. Ni kuwa ina zaune a baranda ina ƙoƙarin zana haƙora a jikin ƴar ƙafar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Danshi ya hana gam bushewa. In na manna fiffike na juya in ɗauko wani, sai in tarar na farkon ya kwanta. Wata maƙwabciya ta shigo aron turmi ta gan ni da gilashin agogo a ido, ta fita ba ta ɗauki turmin ba. Kafin magariba unguwa ta ji cewa ciwon idon gidanmu gado ne.

Gilashin hanci ne kaɗai ya zo da sauƙi. Na ɓanɓaro ƴan duwatsu farare daga wani tsohon leshin Hajiya, na goge bayansu na manna. Yaya ya ɗaga ɗaya a rana ya ga ya ɗauki haske, ya ce, “To.” Na ji daɗin wannan kalma fiye da yadda ya kamata, abin ya ƙara ba ni haushi.

Ranar da na gama na farko cif, na ɗora shi a kan faifai ya sha iska. Agwagwar Hajiya ta zo wucewa ta ga abu yana ƙyalli, ta cafke ta ruga. Na bi ta da gudu, mace mai jika, zani a hannu, muka zagaye rijiya sau biyu. Da ta ga ba ya haɗiyuwa sai ta tofar da shi a cikin kwata. Yaya yana tsaye a baranda yana tambaya, “Me ya faru? Wane ne ya faɗi?” Na ɗauko matankaɗi na tsuguna ina tace taɓon kwata har na same shi, fikafikai uku sun tafi. Ranar na ce ko dai a yanka agwagwar ko ni in bar gidan. Hajiya ta zaɓi ta kulle ta.

Sai batun fenti. Takarda ta ce a zagaya wa kowane makami shuɗin layi. Na shafa wa biyu kafin ya tambaye ni wane launi nake sawa. Da na faɗa sai ya dafe kai. Ya ce shuɗi alamar na atisaye ne, wanda babu komai a cikinsa, ana rataya shi don koyo. Mai rai rawaya ake sa masa a gaba, ruwan ƙasa a baya. Na ce to mu bar shi na atisayen mana, ai ya fi zaman lafiya a cikin gida. Ya ce, “Ranar masu rai ya ɗauka.” Ban tambaye shi wace rana ba. Na gaji da tambaya, kuma ina ƙirga kwanaki, saura shida. Na kankare shuɗin, na tsige gashi uku daga buroshi na ja layukan da su.

Saura kwana biyu na rataya su. Nan ma sai da aka sake, don na manna su fikafikai a miƙe sama da ƙasa, shi kuwa ya ce a karkace suke zama. Na gyara. Na ɗora jirgin a kan tire na kai masa inda rana ta fi haske, na tsaya ina jiran in ji ya ce Hajiya ta haɗa masa jaka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin, ya daɗe ƙwarai. Sannan ya ɗago.

“Sun yi. Saura fil.”

“Wane fil?”

“Fil na tsaro. Jirgi yana ƙasa da makami mai rai, ba fil a jiki? A ina aka taɓa yi?”

Na ɗauko takardar na baza masa a gaba, na ce ya nuna mini inda aka ce fil. Babu. Ya ce ai ya gaya mini tun farko takardar maƙaryaciya ce. A nan na fashe. Na ce wata guda na bar sana'ata, na zama abin dariya a unguwa, na tace kwata da matankaɗin tuwo, duk don in kai shi asibiti, shi kuwa dabara yake yi. Na ce tsoron wuƙar likita yake ji, ya fito ya faɗa, ya daina fakewa da abin wasan yara. In na yi fil zai ce saura direba, in na yi direba zai ce saura matar direba. Na jefar da matsefata na koma ɗakina na turo ƙofa, na zauna ina kuka don baƙin ciki.

Bayan la'asar na ji ana laluben katanga. Yaya bai saba shigowa ɗakina ba, kira yake yi. Ya yi sallama, ya zauna a bakin ƙofa, ya kwance wani ƙunshi a cinyarsa. Ƙarafunan nan huɗu ne masu jan ƙyalle, har da wanda na taɓa sakale akurki da shi.

Ya ce, “Kin san aikin waɗannan?”

Na ce ban sani ba, kuma ba na son sani.

Bai kula ni ba. Ya ce muddin jirgi yana ƙasa, kowane makami da fil ɗinsa a jikin maratayarsa, don kada ya tashi a kan mutane. Jan ƙyallen don a hango shi daga nesa ne. In matuƙi ya shiga ya tayar da inji ya kai bakin titin tashi, mai makamai ne mutum na ƙarshe da ke taɓa jirgin. Zai shiga ƙarƙashin fiffike ya zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya fito inda matuƙi ke ganinsa, ya ɗaga su sama a baje don ya ƙirga. In matuƙi ya ga sun cika sai ya ɗaga babban yatsa ya tafi. Mai makamai kuma ya zuba su a aljihu ya jira. In jirgi ya sauka, shi ne na farko da zai tare shi, ya mayar da kowane fil wurinsa, sannan a ce aiki ya ƙare.

“Akwai wani yaro,” in ji shi. “Hafsa ne, ya girme ni a muƙami, na girme shi da shekara goma sha biyar. Baba yake ce mini. Kullum in na ɗaga masa fil sai ya yi dariya ta cikin gilashi, don ya ce in ya samu hutu sai na kawo shi Haɗeja ya ci kifin da nake cika musu baki da shi. Ran nan da safe na zare, na ɗaga, ya ƙirga, ya ɗaga yatsa.”

Ya shafa ƙyallen.

“Na tsaya a bakin titi har rana ta faɗi, jirgin bai dawo ba. Aka ce in je in ci abinci. Da aka zo karɓar kaya na ce fil ɗin sun ɓace, aka rubuta mini laifi, shi ne laifi ɗaya tak a takardata. Ban iya mayar da su sito ba, Auta. Wurinsu a jikin jirgi ne.”

Shekara da shekaru muna katanga ɗaya da mutumin nan, na san yawan sukarin da yake sha a shayi, ban san yana jiran jirgi ba. Haushin bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Abin da na iya cewa shi ne, “Da ka faɗa tun farko ai da mun gama tuni.” Ya ce da ya faɗa da na yi masa aikin tausayi, shi kuwa aikin daidai yake so.

Da sassafe na je bakin kogi wurin masunta. Ruwa ya kawo har gindin bishiyoyin da suke ɗaure kwalekwale. Na nemi ƙugiya mafi ƙanƙanta da suke da ita, wani dattijo ya ba ni guda shida ya ƙi karɓar komai. A gida na miƙar da su, na yanke, na bar ɗan zoben da ke kai. Na gasa allurar hula a wuta na huda maratayar kowane makami, don ita roba ce. Da na ɗauko jan zaren siliki sabo fil zan yi ƙyallen, Yaya ya ce a'a. Ya miƙo mini na gasken ya ce in zaro zare ɗaya daga gefen kowanne. Na zaro, na ɗaura kowane zare a zobensa, na daidaita tsawonsu da reza. Launinsu ya koɗe, ba su yi kyan sabon ba.

Ya ce shi zai sa. Hannunsa ba ya tsayawa, ga ramin ko ni sai da gilashi nake ganinsa. Na ba shi matsefata, na ɗora hannuna a kan nasa na riƙe, shi yana leƙe da gilashin agogo, ni ina ja masa hannu. Ya fara da na waje a fiffiken hagu, don ya ce haka tsarin yake. Na farko ya shiga. Ya ce, “Ɗaya.” Na biyu ya faɗi sau uku, Hajiya ta tsaya da tsintsiya tana gadi kada agwagwa ta kuɓuce. Muka zagaya dama. Da na huɗu ya shiga ya ce, “Huɗu,” ya ajiye matsefatar, ya ja da baya kaɗan ya dubi jirgin da ƴan jajayen zarurrukansa suna lilo.

Ya ce, “Ya sauka.”

Ya cire gilashin ya miƙa mini, ya ce a mayar wa mai shi da godiya.

Washegari kafin in idar da azkar ɗin asuba yana tsakar gida da babbar riga da jaka, yana cewa mata ba su san darajar lokaci ba, mota za ta cika ta bar mu. Na ɗauko takardar asibiti na bi shi.

A Kano likita ya auna idon, ya duba takardar baya, ya sake aunawa. Ya ce ganin ya ragu sosai daga wancan zuwan, kuma ya gaya mana ba ya dawowa. Ya dube ni, don ni ce mai riƙe da takarda, ya ce, “Hajiya, me ya hana ku zuwa wancan watan?” Yaya ya ce, “Likita, jirgi nake da shi a sama.” Likitan ya sake dubana, na sunkuyar da kai.

An yi aikin, an tsayar da ciwon. Abin da ya rage masa kaɗan ne, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ba ya ganin fuskata gaba ɗaya, sai ya dubi ido sannan ya gangaro baki. Da mun je ranar farko da ya fi haka gani, wannan likita ya faɗa, kuma ban yafe wa watan nan ba. Wani lokaci in na ga yana laluben butarsa sai in ji kamar in ɗauki jirgin in jefa a kogi. Shi kuwa ko sau ɗaya bai ce ya yi nadama ba, kuma na daina jiran ya ce.

Jirgin yana kan adakar ƙarfe a ɗakinsa, na ɗinka masa marufi saboda ƙura. Da sallar da ta biyo baya ɗansa ya zo daga Legas, ya gan shi ya yi ta santi, ya ce bai san kwalin da ya aiko zai yi kyau haka ba. Sai ya ce ai irin wannan ba a ajiye shi a ƙasa, rataya shi ake yi a silin da zaren kamun kifi kamar yana tashi. Ya miƙa hannu zai ɗauka. Yaya bai ko buɗe baki ba na ji muryata ta cika ɗakin.

“Kai, ajiye shi! Ba ka ga da fil a jiki ba?”